Motar Matan Citta

Makon jiya na bi ta bayan kasuwa na tarar da 'yan gwangwan suna yanka wata tsohuwar jif da wutar walda. Na tsaya ina kallo har suka raba ta biyu. Ɗaya daga cikinsu ya ce, "Baba, ko za ka sayi wani abu ne?" Na ce a'a, gaisuwa na tsaya yi. Bai gane ba, ni ma ban yi masa bayani ba. Irin waɗannan motoci su suka cinye ƙuruciyata, masu jan ƙafa huɗu, masu jiki kamar akwatin ƙarfe, waɗanda ba sa tambaya ko akwai hanya kafin su bi. Matasan yanzu sukan nuna mini a waya yadda mutanen wasu ƙasashe ke ɗaga mota, su sa mata manyan tayoyi, su faɗa laka da gangan ana tafa musu. Ba na raina su, aikin hannunsu yana da kyau. Amma mu ba mu muka je neman laka ba, ita take zuwa har ƙofar gida, kuma ba wanda ya taɓa tafa mana.

Garejin da na koyi aiki yana dab da layin dogo a Kafanchan. Kafin a idar da sallar asuba jirgin kaya zai yi kuka daga tasha, sai guduma ta amsa daga wurin gyaran jirage, sai muryoyin matan ƙauye masu shigowa da doya da itace suna gaisawa da yaruka uku a numfashi ɗaya. Idan rana ta ɗaga, ƙamshin cittar da ake shanyawa a bayan shaguna yakan gauraya da warin baƙin mai, har yau in na shaƙi ɗaya sai hancina ya nemi ɗayan. Mai garejin wani dattijo ne Ibo, tsohon makaniken jirgin ƙasa, wanda aka haifa a barikin ma'aikata. Oga muke ce masa. Shekara biyu na yi ina wanke noti da fetur a gwangwanin madara, ina yanka gasket, shimfiɗar da ke hana inji yoyo, daga kwali, kafin ya yarda na kwance ko da taya. Hausarsa ta bariki ce, ba ruwansa da mace ko namiji. Yakan ce, "Kada ka ɗauki sifana tukuna. Kwanta a ƙasa, duba motan da idonka, bayan haka ka ji abin da direba zai faɗa." Yau yaro yana jona kwamfuta a mota ta gaya masa ciwonta, rigarsa fes. Mu bayanmu ne ya san kowace irin ƙasa a garin nan.

Daga baya na yi yawo, na ga yadda wasu suke yi. A Agadas na zauna da masu ƙetare hamada, su rage wa taya iska suke yi har ta baje, su ɗauki faranti na ƙarfe su shimfiɗa a kan rairayi. A dajin Kamaru sarƙa suke ɗaura wa taya, su ƙulla igiyar ƙarfe a jikin bishiya su jawo kansu. A can na tsinci Faransanci, kamar yadda na tsinci Turancin kasuwa a Fatakwal. Kowa da lakarsa. Tamu iri biyu ce: ja mai santsi a kan tudu, wadda take juya mota ta kalli inda ta fito, da baƙa ta bakin rafi wadda take riƙe taya kamar an ɗaure. Ban ga inda aka fi mu iya yin abu da ɗan abin da ke hannu ba, kuma na faɗa musu haka da yarensu.

Ina da shekara ashirin da 'yan kai lokacin da Oga ya gaji, gwiwa ta hana shi shiga ƙarƙashin mota, ya bar mini garejin ya koma zama a benci yana ba da umarnin da ba wanda ya nema. Ban daɗe da karɓa ba gari ya rikice. Ba zan ba da labarin wannan ba, waɗanda suka gani sun sani. Abin da ya shafe ni shi ne, bayan an lafa, mutanen ƙauyuka suka daina kawo mini mota. Mutanen da muka yi firamare tare sukan wuce a kan babur su ɗaga hannu daga nesa. Ni Bahaushe ne, Musulmi, kakana ne ya fara kafa rumfa a kasuwar nan, amma sai na zama kamar baƙon jiya. Mahaifina, wanda ke sayen hatsi da citta, ya yanke shawarar komawa Zariya wurin danginsa. Ya ce da ni, "Na ba ka daminar nan. In ta wuce garejin yana nan kamar maƙabarta, ka haɗa sifanunka mu tafi." Na ce, "Baba, ni a nan aka yanke mini cibiya." Ya ce, "Ni ma haka. Ban tambaye ka tarihi ba."

Ana cikin haka, wata safiya kafin ruwa ya kankama, sai ga tarakta ta jawo wata jif da igiya har ƙofar gareji. Tsohuwar motar mishan ce, ta yi shekaru a ajiye, kaji har sun yi ƙwai a cikinta. Wata mata gajeriya mai faɗi ta sauko. Ita ce shugabar zumuntar mata ta wani ƙauye can bayan Madakiya, kowa Mama yake ce mata. Matan ne suka haɗa kai suka sayi motar a gwanjo. Gonakin cittarsu suna ƙetaren rafi, duk shekara a ka suke ɗaukar takin zamani daga bakin titi, tafiyar rabin yini, har wuyan wasu ya sandare. Ta ce, "Malam, an ce mani kada na kawo maka. Mazanmu ya ce za ka cuce mu. Ni na ce wanda Oga ya koya masa, ni na san hannunsa. Ka yi mani motan da zai shiga ruwa ya fita." Oga daga benci ya ce, "Mama, wannan mota ne ko keji?" Ta ce, "Kai ma an ajiye ka, ba ka mutu ba."

Wata guda na yi a kanta, ban taɓa yin aiki da zuciya irin wannan ba. Na sauke inji na wanke shi ciki da waje. Na ƙara ganyen ƙarfe bibbiyu a sifirin na kowace ƙafa har ta ɗaga, mutum zai iya rarrafawa a ƙarƙashinta ba tare da jak ba. Na samo tayoyi masu manyan haƙora daga wata motar daji da ta mutu a Kagoro. Inda inji ke shaƙar iska na jona masa bututun famfo na ɗaga shi har saman gilashi, don kada ya sha ruwa. Wayoyin filogi na naɗe su da tsohon tib na taya na cika da giris. Na yanko farantin ƙarfe na rufe cikinta saboda duwatsu. Sannan na zauna a kan abin da ya mai da ita abin da take, wato ƙaramar giyar nan da muke kira ogzilare, da farfela biyu, dogayen ƙarafan nan masu juyawa a ƙarƙashin mota, ɗaya tana kai ƙarfi tayoyin baya, ɗaya na gaba. Ta gaban ta yi tsatsa, sai da na jiƙa ta kwana uku. Ranar da na gwada ta a ramin da ake haƙar ƙasa, ta hau gangare kamar akuya. Oga bai yaba ba, cewa ya yi bututun ya karkace.

Direban da matan suka ɗauka ɗan ƙanen mijin Mama ne, ya yi shekaru yana jan ƙaramar bas tsakanin Kafanchan da Kagoro, yana tafiya yana kaɗa makulli a yatsa. Na fara nuna masa yadda ake sa ogzilare, ya ce, "Malam, ni na tuƙa mota tun kana wanke noti." Na ƙyale shi, wannan kuskurena ne. Suka tafi matan suna waƙa a baya. Mako uku ina jin labari mai daɗi. Sai aka yi ruwa na kwana biyu.

Labarin ya riga ni isa kasuwa. Wai motar ta nutse a bakin rafi da taki a bayanta, tayoyin baya suna ta juyawa, na gaba ko motsi. Wai matan sun koma ɗaukar buhu a ka cikin ruwa, abin da suka sayi motar don su daina. Wai Bahaushen nan ya cire kayan cikin motar ya sayar, ya shafa mata fenti. Har mai shayin da nake zama wurinsa ya kasa haɗa ido da ni. Mahaifina ya ce, "Ka ji ko? Ba sai ƙarshen damina ba." Na ce zan je na gani. Ya ce, "Ba za ka je ba. Mutane suna cikin fushi, kai kaɗai a cikin daji." Na ɗauki akwatin sifanu. Shi ne karo na farko da na tsallake maganarsa, kuma ban yi nadama ba. Oga ya jawo sandarsa ya ce zai bi ni. Na ce, "Oga, in na je da kai za su ce na ɓuya a bayanka. Aikina ne, ni zan tsaya a gabansa." Ya dube ni ya ce, "To ka tafi da gwangwanin noti. Kullum kana manta."

Na hau babur zuwa inda hanya ta ƙare, sauran na taka. Da hantsi na isa. Motar tana nan a gangaren rafi, gindinta ya zauna a baƙar laka, an rufe sauran buhunan da tamfol. Maza sun fi goma a tsaye. Ba wanda ya amsa sallamata. Wani dattijo mai gatari a kafaɗa ya ce da na kusa da shi, da yaren Kaje, ga ɓarawon ya zo ya ga aikinsa. Ni kuwa da yaran Kaje na tashi, na iya yaren kafin na iya karatu. Na gaishe shi da yaren, na tambayi gida da gona, na ce masa ɓarawon yana neman aron fartanya. Wani ya yi dariya ya haɗiye ta. Mama tana zaune a kan dutse, ƙafafunta duk laka, ta kawar da kai daga gare ni. Wannan ya fi zagin ciwo.

Na tuɓe riga, na haƙe lakar gefe ɗaya, na kwanta na kutsa. Ruwa mai sanyi ya shiga kunnena. Na kai hannu inda farfelar gaba take, sai hannuna ya wuce. Babu ita. Ba karyewa ta yi ba, ba faɗuwa ta yi ba, an kwance ta ne tsaf da sifana, har an goge wurin.

Wanda bai yi zamanin ba ba zai gane ba. Lokacin fetur yana wuya, ana kwana a layi. Direbobin tasha sun yi imani cewa farfelar gaba shan mai take yi, don haka duk wanda mota mai jan ƙafa huɗu ta shigo hannunsa, abin da yake fara yi shi ne ya cire ta. A kan kwalta ba za ka ga bambanci ba, motar tana tafiya lafiya da ƙafafun baya. Man da ake ragewa bai taka kara ya karya ba, amma wa zai gaya wa direban tasha? A wurinsu wannan wayo ne, wanda bai yi ba shi ne baƙauye.

Na fito ina ɗiga, na ce, "Direba, ina farfelar gaba?" Ya ce, "Wane farfela?" Na ce, "Wadda ka kwance da sifana." Ya gyara tsayuwa ya ce, "Ai kowa yana cirewa. Na taimake su ne, man da motan nan yana sha ya yi yawa. Kuma me ya haɗa wannan da nutsewa? Ga ogzilare na sa, bai yi komai ba." Na ce, "Ka yanke wa mutum hannu, ka ce ya miƙo maka ruwa." Mama ta tashi daga kan dutsen a hankali. Ta ce, "Kai. Ina ƙarfen?" Ya sunkuyar da kai ya ce yana wurin Fasto.

Muka ƙetare rafin da ƙafa, muka hau zuwa ƙauyen, jama'a na bin mu a baya. A gaban majami'a akwai bishiyar mangwaro, ga farfelata nan rataye da waya, an ɗaura mata jan ƙyalle. Ashe tsohon wilin motar da suke bugawa a matsayin ƙararrawa ya tsage, direba ya ga ƙarfe yana zaman banza, ya kai gudummawa. Fasto mutum ne siriri mai sanyin murya. Ya ce, "Malam, gaskiya muryarsa yana da daɗi, ana ji har gona. Kuma mun riga mun yi addu'a mun keɓe shi." Na ce, "Fasto, ni ban zo jayayya da addu'a ba. Amma kafin ku keɓe ta, ni na jiƙa ta kwana uku." Ya ce, "To ranar Lahadi da me za mu kira mutane sujada?" Na yi masa alkawarin guntun ƙarfen layin dogo daga wurin Oga, wanda muryarsa ta fi wannan nisa. Fasto ya fara cewa sai dattawan majami'a sun zauna. Mama ta ce, "Fasto, wuyana ne ya ɗauki buhu shida jiya, ba wuyan dattawa ba. Ranar Lahadi ni zan tsaya a nan na kira su da baki, ka san ana jina." Fasto da kansa ya hau kujera ya kwance wayar.

Bugun da farfelar ta sha ya lotsa ta a wuri biyu, na san za ta riƙa rawa in an yi gudu, amma a rafi ba a gudu. Notinta kuwa direba ya ce bai san inda suka shiga ba. Na juye gwangwanin Oga a kan riga, na tsinci takwas da suka yi daidai. Ɗaurawar ta fi awa biyu, don sai da muka ɗaga motar a kan katako da duwatsu, ina kwance ruwa na bi ta ƙarƙashin bayana. Matan suka yi layi suna miƙo duwatsu da rassa ana cusawa a ƙarƙashin tayoyi. Dattijon nan mai gatari ne ya saro rassan.

Da na gama, direba ya nufi sitiyari. Na ce, "Zagaya ɗaya gefen ka zauna, ka buɗe ido." Na ce a mayar da buhunan da aka sauke, duka. Wani ya ce a bari ta fita tukuna. Na ce da kaya aka ce ta kasa, da kaya za ta fita. Na tayar da ita, na ja ogzilare, na sa giya ta ɗaya, ban taka mai ba sai kaɗan, kamar mai lallashin jariri. Ta yi nishi. Na ji gaban ya kama, wani irin ja da yake zuwa ta tafin hannu kafin ido ya gani. Lakar ta sake ta da ƙara irin ta cire ƙafa daga taɓo. Muka gangara cikin rafin, ruwa ya hau har ya shigo ta ƙasan ƙofa ya jiƙa wa direba takalmi, inji bai ko yi tari ba. Ta dafa gaɓar can ta hau. Ban tsaya ba sai gaban majami'a.

Ba wanda ya ba ni haƙuri, ban kuma jira ba. Mama ta kawo mini ruwa a ƙwarya na wanke fuska, ta nuna mini ɗakin ɗanta ta ce in ina so na yi salla, an share. Sannan ta tsaya a tsakar fili ta faɗa da yarensu, da muryar nan da ta yi wa Fasto alkawari, wanda ya cire ƙarfen da wanda ya mayar. Bayan kwana biyu direba ya kawo motar gareji. Na ɗauko walda na ɗiga a kan kowane noti na farfelar. Ya ce, "Malam, in ya lalace fa, yaya zan cire?" Na ce, "Ba za ka cire ba. Za ka kawo mini."

Kafin ruwa ya ɗauke, motoci huɗu ne a ƙofar garejin, daga Fadan Kaje, daga Kagoro, duk masu jan ƙafa huɗu, kuma uku daga cikinsu ba farfelar gaba. Na riƙa bin gidajen direbobi ina zaƙulo ƙarafan daga ƙarƙashin gado da bayan rumbu. Mutane sun ce wai na yi sa'a. Ba sa'a ba ce. Na san abin da na ɗaura, shi ya sa na je.

Mahaifina bai fasa tafiya ba, kuma ban ga laifinsa ba, abin da ya gani ya ishe shi. Ranar da babbar motar kwashe kayansu ta zo, ni na duba mata birki, ni na ɗaure kayan da igiya. Aka hau da mahaifiyata da ƙannena. Baba ya tsaya a bakin ƙofar motar yana jira, ni kuma na tsaya a ƙasa da baƙin mai a hannu. Ya ce, "Ba za ka hau ba." Na ce, "Akwai mota a kan jak, Baba." Ya sa hannu a aljihu ya ciro makullin gidanmu, wanda ya riga ya yi niyyar bai wa dillali, ya jefo mini. Ya ce, "Rufin ɗakin baya yana yoyo. Ka gyara kafin ka kawo 'yar mutane."

Na gyara rufin. A ɗakin nake zaune yanzu.